Ayabar da Kasuwa Ta Zubar

Duk wanda ya taɓa jiran mota da hantsi a tashar Suk al-Shabi ta Khartoum ya san Hajara, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke zama gefen Amna mai shayi, da faffaɗan tiren ƙarfe a gabanta, irin wanda mutanen Sudan ke kira siniya. Abin da ke cikin siniyar kuwa ba shi da suna a bakin kowa. Ba basbusa ba ne, abin zaƙin nan na Larabawa, ba kuma kek ba ne. Nunanniyar ayaba ce ta narke cikin man shanu da sukari, kwaɓin fulawa ya taso ya lulluɓe ta ya yi ja a sama. Direbobi suka riƙa cewa a ba su "na Hajara", sunan ya bi shi ke nan.

A kambo aka haife ta, wato rukunin bukkokin da leburorin auduga ke zama a bakin gonakin Jazira. Kakanta daga ƙasar Katagum ya taso a ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya tsintar auduga da niyyar ya wuce baɗi. Har ya koma ga Allah yana cewa baɗi. Hajara ta tashi da Hausa a ɗaki, Larabci a waje, da kalmar "Fallata" da ake jifan irinsu da ita duk ranar da aka so a tuna musu cewa baƙi ne, ko da a nan aka binne cibiyar iyayensu. Tun tana yarinya ba ta iya sunkuyar da kai ba. Uwarta takan ce da namiji ta haifa da tuni tana kai masa abinci kurkuku.

Jibrin ya auro ta ya kawo ta unguwar Alsahafa a Khartoum, ɗaki ɗaya da rumfa. Shi ɗan dako ne a babbar kasuwar kayan marmari, yana sauke ayaba daga manyan motocin Sinja da Kasala. Ita kuma tana wankau a wani gida a unguwar masu hali. A can ta ga wani tsohon kuku yana haɗa abin zaƙi da 'ya'yan itacen gwangwani. Bai koya mata ba, don a ganinsa abin da ya haɗa mai wanki da kicin shi ne ta miƙo tsumma ta fita. Ta taga ta koya, tana shanya tana leƙe. Abu guda ta riƙe: mutumin nan yana narkar da mai a tire, ya zuba kwaɓi a kai, ya jera 'ya'yan itacen, daga nan ya ɗauke hannunsa. Ba ya juyawa.

'Yarsu tilo, Mawahib, tana da shekara huɗu lokacin da ciwon baya ya kwantar da Jibrin. Wata takwas ya yi a kan gado, Allah ya karɓi abinsa. Dangi suka ce Hajara ta koma kambo, can ko ba komai akwai dawa. Ta ce ba ta fito daga kambo don ta koma da marainiya a goye ba. Da ta fita takaba sai ta nufi kasuwar da ta cinye bayan mijinta, ta wuce kai tsaye inda ake ware ayabar da ta yi baƙi ana tarawa masu awaki. Abokan aikin Jibrin suka kau da kai don kunya. Ita ba ta ga abin kunya ba. Ta durƙusa ta riƙa zaɓa ɗaya bayan ɗaya, wadda ɓawonta ya yi baƙi amma cikinta bai saki ruwa ba ta sa a kwando, wadda ta yi tsami ta bar wa akuya rabonta. Wani dillali ya ce mata wannan ai ruɓaɓɓiya ce, ta ce ba ruɓewa ta yi ba, nuna ce ta yi ta wuce saninsa.

Haɗin nata ba shi da wani sirri, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Ta zuba man shanu a siniya ta ɗora a wuta ya narke. Ta kwaɓa fulawa da sukari da madara da ɗan gishiri da hodar nan mai sa kwaɓi ya tashi, ruwa-ruwa kamar ƙullun masa, ta tuttula a kan man. Ta yayyanka ayaba, ta matsa lemon tsami, ta barbaɗa kirfa, ta jera a sama. Shi ke nan. Maƙwabta da yawa sun gwada nasu ya fito kamar kunu, saboda hannun mace ba ya ganin mai na yawo a gefe ga kwaɓi a tsakiya ya ƙyale. Sai sun sa cokali. Hajara takan ce musu abin ya san hanyarsa, kwaɓin zai taso da kansa, ayabar za ta sauka da kanta, aikinsu kawai su riƙe hannunsu.

Da farko gidan burodin unguwa take kai siniyar a gasa mata, kamar yadda mata ke kai tirensu na cincin da biskit gab da salla. Ba a yi wata biyu ba mai gidan ya ce ruwan sukarinta yana tafasowa yana ɓata masa ƙasan tanderu, kuma masu kai kayan kirki sun fara ƙorafin ana jera nasu da abin bola. Ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauki siniyarta ɗanya ta koma gida, ta samo murfin tsohuwar durom ta wanke, ta hura gawayi, garwashi kaɗan a ƙasa, da yawa a kan murfin da ta rufe siniyar da shi. Na farko ya ƙone, na biyu tsakiyarsa bai nuna ba, su biyu suka cinye abinsu da dare. Na uku ya fi na tanderu kyau, kuma tun daga ranar ƙafarta ba ta sake taka gidan burodin nan ba, ko a shekarun da ake kwana a layin burodi. Kisra, siririyar wainar dawa ta mutanen Sudan, suka ci.

A kan wannan siniya Mawahib ta yi firamare, ta yi sakandare, ta karanci aikin gwajin jini har ta sami aiki a wani asibiti. Ta fito kyakkyawa, mai sanyin murya, Larabcinta irin na rediyo. Hausa kuwa sai a ɗaki, can ma rabi da rabi. Hajara ta lura 'yarta ba ta taɓa biyowa ta tashar da ƙawayenta ba, ko da nan ne hanya. Abin ya yi mata ciwo, amma ta ce ƙuruciya ce, za ta wuce.

Shekara guda kafin yaƙi ya watsa mutanen Khartoum, wani abokin aikin Mawahib mai suna Husam ya nemi aurenta. Ɗan tsohon gida ne a Abu Rof ta Omdurman, irin gidajen da ke lissafa kakanni bakwai duk a unguwa ɗaya. An sha fama kafin uwarsa, Hajja Su'ad, ta yarda ɗanta ya auro 'yar Fallata, amma yaron ya kafe, aka sa rana. Ita Mawahib abin da ta gaya musu game da uwarta shi ne tana sana'ar kayan zaƙi. Ba ƙarya ta yi ba, gaskiyar ce dai ta yanke mata ƙafafu.

To a Sudan akwai abin da ake kira futur al-aris, karin kumallon ango. Kwanaki kaɗan kafin ɗaurin aure uwar amarya take haɗa shi ta aika gidan ango: asida, wato tuwonsu, da miya, kaji, wake, taliya mai sukari, kayan zaƙi iri-iri, siniya bayan siniya a bayan a-kori-kura, mata na rangaɗa guɗa. A nan dangin ango ke auna gidan da ɗansu zai shiga. Uwar amarya ba ta bin kayan, tana gida tana jiran a dawo mata da siniyoyi a wanke da ɗan alheri a ciki. Matan layin su Hajara suka tsaya mata tsayin daka, wannan ta ɗauki kaji, waccan ta ɗauki asida. Saura mako guda Mawahib, wadda ta riga ta shiga ɗakin turare da dilka kamar kowace amarya, ta kira uwarta.

"Yumma, don Allah abu ɗaya zan roƙe ki. Siniyar moz ɗin nan, ta ayabar nan taki, bar ta a gida. Na yi odar basbusa da baklawa daga shago, kalas, sun isa."

"Me siniyar ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Amma mutanen Omdurman, ya'ni, kin san bakinsu. Wata za ta ce ta taɓa ganinta a tasha. Wata ta tambayi inda ake samo moz ɗin."

"Sai a gaya mata," in ji Hajara. "'Yar nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shago kowa da kuɗinsa zai saya. Ni abin da hannuna ya iya shi zan aika."

Hajara ta fita, ta ɗauka magana ta ƙare.

Ranar da za a kai kayan, tun bayan sallar asuba ta hura gawayi. Wata maƙwabciya ta ba ta shawara ko yau ɗaya ta sayi ayaba sabuwa mai rawaya, ta ce sabuwa ba ta da zaƙi, ba za ta aika wa surukai abin da ya kasa na direbobi ba. Ta yi amfani da baƙar nan dai da ta zaɓo jiya da yamma. Ta ƙara man shanu, ba ta yi ƙauron kirfa ba, ta tsaya a kan garwashin tana sauya masa wuri har saman ya yi ja ko'ina ɗaya. A shekara ashirin da biyu na wannan sana'a ba ta taɓa fitar da wanda ya kai shi ba. Ta rufe da faifai, ta ɗaure da farin ƙyalle, ta sa a mota da hannunta. Motar ta tashi da guɗa.

Sai da gida ya yi tsit ta je ɗiban ruwa a randa, ta ga farin ƙyalle a bayan randunan. Ta tsaya da moɗa a hannu. An sauke siniyar ne a cikin hayaniyar lodi, kuma ba sai an gaya mata wanda ya sa aka sauke ba. Ba fushi ne ya fara zuwa mata ba, baƙin ciki ne, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta fara durƙusawa a gaban abokan mijinta. Duniya ta raina ta ta saba, amma ba ta taɓa zaton 'yar da ta goya tana jin kunyarta har haka ba. Ta ɗaga labulen ɗakin amarya.

"Ke kika sa Nahla ta sauke?" Nahla ita ce babbar ƙawar amarya.

Mawahib na naɗe cikin bargon turare, ba ta iya ɗago ido ba. "Yumma, ki fahimce ni. Ni zan zauna da su, ba ke ba."

"Gaskiya ne, ke za ki zauna da su. To da wace fuska? Da wadda kika ara?"

Ba ta jira amsa ba. Ta yafa mayafinta na fita, ta ɗora siniyar a ka. Mawahib ta biyo ta har bakin labule tana cewa uwar amarya ba ta zuwa, abin kunya ne, za a yi da su. Hajara ta ce ai an riga an yi da ita a cikin gidanta, na waje ba zai fi wannan zafi ba.

Mota biyu ta hau. A ta farko kwandasta ya ce siniyar ta cinye wurin mutum guda, ta ɗora ta a cinya ta ce to ga ta ta zama mutum ɗaya da ita. Suka haye gadar Farin Nilu rana na tsakiyar ka, ƙarfen na ƙona mata cinya, ba ta motsa ba. A Abu Rof ba ta sha wahalar gane gidan ba, ga rumfa an kafa, ga motar da ta kawo kayanta a ƙofa.

Da ta yi sallama a tsakar gida sai guɗa ta tsaya. Matan layinta da suka rako kayan suka dubi juna, wata ta kama haɓa. Hajja Su'ad, mace mai jiki da awarwaron zinariya har gwiwar hannu, ta taso ta tarbe ta da fara'ar da ba ta wuce haƙora ba. Da Larabci suka yi magana.

"Marhaba da uwar amarya. Lafiya dai, kika taso da kanki?"

"Lafiya lau, Hajja. An manta da siniya ɗaya, kuma ita ce tawa."

Ta ratsa tsakanin kaji da baklawa ta ajiye ta a tsakiya. Wata gwaggon ango, tsohuwa mai tabarau, ta ɗaga gefen ƙyallen ta leƙa ta shinshina. Ta ce ƙamshin nan kamar ta san shi, ba shi ne ake sayar wa direbobi a Suk al-Shabi ba?

"Shi ne," in ji Hajara, ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji. "Ni ce mai sayarwa. Ayabar da 'yan kasuwa suka ware za su ba awaki nake zaɓowa, tun amaryarku tana shekara huɗu. Da ita ta yi karatu, da ita ta yi wannan tsawon da ɗanku ya gani ya so. Na kawo ne ku san abin da ya raini 'yar da za ku ɗauka, kada gobe ku ji a bakin wani ku ce an rufe ku."

Tsohuwar ta saki ƙyallen. Hajja Su'ad ta ce a kawo wa baƙuwa abin sha. Hajara ta sha, ta yi godiya, ta yi musu fatan alheri, ta fito. Sai a mota abin da ta yi ya dawo mata. Ta san mai yiwuwa ta rushe auren 'yarta da bakinta, kuma tsoron haka ya kama ta sosai. Ta bincika zuciyarta ko za ta sami nadama, ba ta samu ba.

A gida ba ta shiga ɗakin amarya ba, amarya ma ba ta fito ba, amma labari ya riga Hajara isowa ta waya. Bayan la'asar motar ta dawo. Aka riƙa sauke siniyoyi a wanke tas, har da turare da atamfa a cikin babbar, yadda al'ada ta tanada. Ta ƙarshe ita ce ta Hajara, da nauyinta kamar yadda ta tafi. Ko kusurwa ba a gutsura ba. A wannan ƙasa mayar wa mutum abincinsa ba a taɓa ba, gara a zage shi a kasuwa.

Matan layi suka fara salati, wata ta ce wallahi da ita ce da ta fasa ba su 'yar. Hajara ta jawo siniyar gabanta. Ta kwance ƙyallen, ta ɗauko wuƙar da take yanka wa direbobi, ta ce abinci bai yi laifin komai ba, gobe zai tafi tasha.

"Ajiye wuƙar nan, Yumma."

Mawahib ce a tsakar gida, ta fito daga ɗakin da bai kamata ta fito ba, ƙafa ba takalmi, dilka ba ta gama bushewa a hannunta ba. Ta daɗe tana kallon siniyar. Ita ta fara ƙin abin nan da safe, amma ganin wasu sun ƙi shi ya sa ta ga abin da ta aikata. Ta kira Husam a waya a gaban kowa, da muryar da ba a san tana da ita ba.

"An dawo wa uwata da abincinta ba a taɓa ba. Ban ga laifinku ba, ni na fara. Amma ka ji da kyau, ya Husam. Siniyar tana nan Alsahafa. Wanda bai iya cin wannan ba, ba zai ci na hannuna ba, don ni ma da shi aka yi ni. Ka zo ka ci, ko ka gaya wa maza kada su wahalar da kansu zuwa masallaci ranar Alhamis."

Ta kashe wayar. Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata, ta durƙusa ta kifa kai a gwiwar uwarta tana neman gafara. Hajara ta dafa kanta. Daɗin da ta ji ya fi ƙarfin bakinta, don haka abin da ta iya cewa kawai shi ne ta tashi ta koma ɗaki kada iska ta ɓata mata dilka.

Ta share toka, ta hura sabon gawayi, ta mayar da siniyar kan wuta kaɗan-kaɗan. Ba wadda ta tafi gida cikin matan, kowa ta sami abin da za ta wanke. Aka kira magariba, aka idar. Ana naɗe tabarmi sai ga ƙarar mota ta tsaya a ƙofa, aka yi sallama da muryar namiji. Nahla ta leƙa ta dawo da sauri, ta ce Husam ne, shi kaɗai, yana tsaye da farar jallabiya yana tambaya ko zai sami ganin Hajja Hajara.

Matan suka zuba mata ido. Hajara ta ɗaga murfi, ta taɓa tsakiyar da bayan yatsa, ta mayar ta rufe, ta gyara garwashi.

"A shimfiɗa masa tabarma a waje," in ji ta. "Ya jira, bai yi zafi ba tukuna."